Ɗalibin da ya zo Yamai sanin makamar aiki, a bar shi ya san garin

Akwai nasihar da iyaye suke yi wa ƴaƴansu a tashar mota idan za su tafi Yamai sanin makamar aiki, wato sitaj: daga masauki sai wurin aiki, daga wurin aiki sai masauki, ban da yawo, ban da kwashe-kwashen abokai. Tsoro da ƙauna ne suka haifi wannan nasiha, kuma uban da ya sa ɗansa a mota daga Tahoua, ya san sai ya ratsa Konni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar da ta haura kilomita 500, ba za a ga laifinsa ba idan hankalinsa bai kwanta ba. Duk da haka ina ganin nasihar tana tauye yaron, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ake turo wa ɗalibai a wurin aiki lokacin hutun damina.

Mu da muke karɓarsu mun san abin da ba a rubutawa a rahoton ƙarshen sitaj. Yawancin yinin ɗalibi yana ƙarewa ne wajen kai takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan, da jiran maigidan da ya shiga taro, da kallon yadda wasu suke aiki. Akwai amfani a ciki, ba na musu, amma bai kai ya cinye wata biyu ko uku na rayuwar saurayi ko budurwa ba. Sauran karatun yana waje, kuma daga bakin titi yake farawa. Taksin Yamai ba na mutum ɗaya ba ne. Za ka tsaya ka kira sunan unguwar da ka nufa, direba ya duba ko ta dace da hanyar waɗanda ya riga ya ɗauka, ya ce ka shiga ko ya wuce abinsa ba tare da ya tanka maka ba. Yaron da ya yi mako yana wannan kiran zai san inda Yantala take da inda Boukoki da Lazaret da Talladjé suke, zai gane tafiyar da ake biya wa kuɗi biyu, zai kuma koyi lokacin da faba-faba, wato ƙaramar motar bas ta haya, ya fi masa sauƙi. Wanda ake kaiwa a ɗauko shi a kan babur ɗin kawunsa zai koma gida bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Batun abokai shi ne ya fi damuna. Al'adarmu ce idan mun sauka a baƙon gari mu nemi ƴan garinmu, Ba'adare ya nemi Adarawa, Badamagare ya nemi Damagarawa, kuma hakan yana da rana wajen samun wurin kwana da wanda zai tsaya maka idan ciwo ya kama ka. Sai dai ɗalibin da ya tsaya nan kamar bai bar gida ba ne. A teburin da ke kusa da nasa akwai Bazabarmen da aka haifa a Goudel ko Gamkallé, tsofaffin ƙauyukan da birnin ya girma ya haɗiye, akwai Bafillatanar Lamordé, akwai Buzun Agadez da Babarbaren Diffa da su ma baƙi ne kamarsa. Waɗannan ne za su kai shi gidan da zai ci dambu da zogale a kwano ɗaya da mutanen da bai taɓa gani ba, ya ji yadda ake gaisuwa da Zabarmanci har bakinsa ya saba. Gobe idan gwamnati ta tura shi aiki Tillabéri ko Dosso, malamin asibiti ne ko na gona, wannan gaisuwar ce za ta fara buɗe masa ƙofa kafin takardar shaidarsa.

Garin kansa kuma cike yake da abin da aka karantar da su a aji ba su gani da ido ba. Ina so kowane ɗalibi ya taka gadar Kennedy da ƙafarsa, wadda aka buɗe a 1970, ya tsallaka zuwa Harobanda inda jami'ar Abdou Moumouni take. A kan wannan gadar ce jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairun 1990, abin da ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka kai Nijar ga babban taron ƙasa na 1991. Daga samanta yana iya hango masu wanki da masu kwalekwale da lambunan bakin kogi, idan kuma yana karatun gine-gine ko tsara birane, to ya ƙarasa unguwannin da ruwa ya ci a ambaliyar 2020, ya tambayi mazauna wurin yadda abin ya faru, domin za su ba shi bayanin da ya fi na takarda.

Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yawancin matasa namun daji suke zuwa kallo a cikinsa ranar salla, su ɗauki hoto su fita. Alhali a nan aka ajiye bishiyar Ténéré, wadda take tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kayar da ita a 1973, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a yankin Agadez, ga kuma maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban mai kallo. Amma da za a ce in zaɓi wuri ɗaya, kasuwar Katako zan zaɓa. A can ne ake narka tsofaffin gwangwanaye a zuba tukwane, ake fasa ganga a fitar da akwati da murhu, ake sayar da duk abin da wani ya yar ga wanda yake nemansa. Ɗalibin tattalin arziki da ya yini a Katako yana tambayar maƙeri inda yake samo ƙarfe, da nawa yake saye, da wanda yake ba shi bashi, ya fahimci yadda mafi yawan mutanen wannan ƙasa suke cin abinci, waɗanda ba su da albashi kuma sunansu ba ya cikin kowane kundi.

Ba ina cewa a saki yaro sakaka ba ne. Yawon da nake nufi na rana ne, yammacin Juma'a da ake tashi aiki da wuri, ko Asabar da safe kafin rana ta yi zafi, da katin shaida a aljihu, mai masauki kuma ya san inda aka nufa da waɗanda aka tafi tare. Fita wajen gari a halin tsaron da ake ciki ba abin da ɗalibi zai yanke wa kansa ba ne. Ƴan mata ma wannan magana ta shafe su, domin su aka fi kullewa, alhali su uku ko huɗu suna iya zagaya Babbar Kasuwa ko ta Wadata su dawo lafiya kafin magariba.

Saura mu da muke riƙe da su a ma'aikatu. Da yawansu ba a biyansu ko dala, kuma ɗan guzurin da aka haɗo musu daga gida a abinci yake ƙarewa. Idan akwai wasiƙar da za a kai wata ma'aikata a unguwar Plateau, a haɗa su biyu, baƙo da ɗan gari, a ba su kuɗin taksi zuwa da dawowa, kada kuma a tsare su da tambayar abin da ya sa suka ƙara rabin awa a hanya.