"Ai damina ce" ba ta cika mini randa

Tun bayan sallar isha'i har aka kira assalatu, tankin maƙwabcinmu yana ambaliya. Ina kwance ina jin ruwan yana zubowa daga saman ƙarfe, yana dukan katangarmu. Da gari ya waye lungu ya zama tafki, awaki na raɓe-raɓe a gefen bango. Ni kuwa randunana biyu ƙaf, yara uku na jiran wanka su tafi makaranta. Na aiki babban ɗana ya gaya wa mai gadin gidan. Ga amsar da ya kawo mini: "Ka ce wa Mama ta kwantar da hankalinta, ai damina ce, ruwa ba ya ƙarewa."

Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Ruwan wa ne ba ya ƙarewa? Wanda ke sauka a kan kwano ya bi kwata ya faɗa Gulbin Sakkwato, ya wuce Gusau ya nufi madatsar Bakalori kusa da Talata Mafara, shi ne zan zuba wa jinjiri a baki? Ku je bakin gulbi a watan Agusta ku gani da idonku, ja wur yake kamar an dama jan ƙasa. Kafin irin wannan ruwa ya zama na famfo sai ya sha alam da kulorin fiye da na rani, sai an sami wuta ko man da zai tura shi. Shi ya sa famfon unguwarmu a Tudun Wada kan yi kwanaki bai ɗiga ba alhali sama na zuba. Ran da ya zo kuma, sai ka tarar an bar tiyo a buɗe ana wankin mota, ko fasasshen bututu na feshi a bakin titi mako guda, masu gyara ba su leƙo ba, mu ma mun wuce kamar ba mu gani ba.

Abin da masu rijiyar burtsatse ba sa so su ji shi ne, ƙasar da suke zuƙa ta kowa ce. Gusau a kan dutse take, ruwan ƙarƙashinta a tsagogin dutse yake maƙale, ba wani teku ba ne a kwance. Damina wata huɗu ce kacal, abin da ƙasa ta sha a cikinsu shi za mu lallaɓa har Maris da Afrilu, lokacin da guga ke dawowa da taɓo. Wanda ya bar injinsa yana aiki dare guda a banza, daga rabon lungu duka ya ɗiba.

Sannan a damina ne fa ruwa mai tsabta ya fi wuyar samu. Rijiyar gidanmu ta cika har baki, amma ba mai sha. Ruwan lungu ya kwaso juji da abin da ya malalo daga shadda ya gangara cikinta, in ka buɗe murfi warin kaɗai ya isa. Ban manta 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya ratsa jihohin Arewa har da Zamfara, kuma da damina ya fi ƙamari. Tun lokacin ko kwanon ci ba na ɗaurayewa da ruwan rijiyar nan. Burtsatsen masallacinmu mai aiki da sola ce, in hadari ya rufe rana sai ta riƙa ɗiga kamar hawaye. Masu burtsatse mai janareto sun ƙara kuɗin ruwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. 'Yan garuwa rabinsu sun koma ƙauye noma, sauran kuma kurarsu ba ta shiga caɓin lungunmu. Shekaranjiya da kaina na ɗauko jarka mai lita 25 daga bakin titi, ga goyo a baya, zanina duk laka.

A gidana ruwan da na ɗauraye kaya shi ke wanke tsakar gida. In sama ta sako ina barin na farko ya wanke kwanon rufi ya wuce, sannan in tara duro in rufe saboda sauro. Yarana sun san Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, da sa'i yake wanka. Su nake hana su wasa da buta, sannan su fito ƙofar gida su ga abin da zai ishe mu mako guda yana bin kwata. Me zan ce musu?

Da la'asar na shiga wurin matar maƙwabcin namu, na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don girman Allah a sa wa tankin nan abin da ke kashe inji idan ya cika. In kuma ba hali, a miƙo mana tiyo ta katanga mu tara." Ta ce za ta gaya wa Alhaji idan ya dawo. Yanzu ƙarfe goma na dare ta wuce, na ji an tayar da injin, kuma katangarmu ta ƙasa ta riga ta fara zubar da ƙasa.