Tsauni kan yi gargaɗi kafin ya zaftare

Duk lokacin da ƙasa ta zaftare ta binne gari, sai ka ji ana cewa abin ya zo ba zato ba tsammani. Ga waɗanda ke barci a gindin tsaunin haka ne. Ga hukumomin da aka ɗora wa sa ido kuwa, sau da yawa ba haka ba ne.

Zaftarewa tsohon aikin ƙasa ne. Nauyi yana jan duk abin da ke kan gangare zuwa ƙasa, abin da ke riƙe shi kawai shi ne damƙar da duwatsu da turɓaya suka yi wa juna. Idan ruwan sama ya ratsa ciki, sai ya ƙara nauyi, ya kuma sassauta wannan damƙa, musamman inda akwai shimfiɗar yumɓu. Ta haka tsaunuka ke raguwa, kwaruruka ke faɗi, har tafkuna su samu. A Janairun 2010 dutse ya rufto a Attabad da ke Pakistan, ya toshe kogin Hunza, ruwa ya taru ya zama tafki, ya haɗiye ƙauyuka da wani sashe na babbar hanyar Karakoram.

Wannan ba mai iya hana shi. Abin da ke ci mini rai shi ne inda mutum ya sa hannu, sannan ya kau da kai daga alamu. A Italiya, tun 1960 gefen tsaunin Toc ya tsage, wani ɓangare ya faɗa cikin tafkin madatsar Vajont, amma aka ci gaba da tara ruwa. Daren 9 ga Oktoban 1963 gangaren ya sulale gaba ɗaya, ruwa ya tsallake madatsar ya share garin Longarone, kusan mutum 2,000 suka rasu. Madatsar na nan tsaye har yau. A Saliyo ma, kafin tsaunin Sugar Loaf ya rufto a Agustan 2017, an daɗe ana sare itatuwa ana gina gidaje a jikinsa.

Tsagewar ƙasa, bishiyoyi da turakun lantarki da suka karkace, ƙofar da ta daina rufuwa, idon ruwan da ya ɓullo inda da babu, duk gargaɗi ne. Wajibi ne hukumomi su auna gangarorin da ke da haɗari, su hana yanke gindinsu don gini ko hanya. Talakan da aka ce ya tashi kuma a ba shi wurin zama, domin rashin fili ne ya kai shi can.

Masu ceto su ma a koya musu cewa gangaren da ya zaftare sau ɗaya bai gama ba. A yankin Gofa na Habasha, a Yulin 2024, zaftarewa ta biyu ce ta binne waɗanda suka taru suna tonon 'yan'uwansu.