Masu zane, ku ɗan huta da fuskokin da kowa ya sani

Duk mai bibiyar shafukan masu zane a Facebook da Instagram ya san abin da zan faɗa. Yaro ya iya fensir, hannunsa ya faɗa, haske da inuwa duk ya laƙance su, amma in ka leƙa shafinsa fuskoki kaɗan ne ke ta zagayawa: ɗan ƙwallo, mawaƙi, 'yar fim, sai ɗan siyasar da ake sa ran zai gani ya yi kyauta. Ba na ɗora musu laifi gaba ɗaya, don takarda da fenti ba a banza ake samun su ba. Amma a ganina, wanda bai taɓa zaunar da mutumin da ba kowa ya sani ba ya zana shi, har yanzu kwafi yake yi.

Hoton sananne an riga an gama masa aiki kafin ya zo hannunka. Mai kyamara ya zaɓi haske, an yi kwalliya, an goge tabo da kwamfuta. Kai naka ka raba hoton gida-gida da layuka, ka bi kana kwafa. Masu kallo kuma suna rufa maka asiri, ko hancin ya karkace sun gane mutumin tun daga askinsa, sai a yi ta "wallahi kamar ya yi magana".

To a ba ka mai gadin da ya kwana bai runtsa ba, ya zauna gabanka a kan benci. Da farko fuskar ɗaukar hoto zai yi maka, ya miƙe wuya, ya tamke baki. Kada ka yi gaggawa. Can ya gaji, kafaɗa ta sauka, ido ya tafi wani tunani, to a nan fuskarsa ta gaske take fitowa, kuma ba za ta jira ka ba. A nan za ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙancewa, gefen baki na hagu ya ɗan rankwafa, farin idon ma ba fari ba ne, ja-ja ne da inuwar fatar ido a samansa. A nan ne za a san ko ka san cewa ido a tsakiyar kai yake, don sabon hannu kullum sama yake kai shi, ya cinye wa mutum goshi. Waya ba ta koya maka wannan. Ita in aka matso da ita kusa ma kumbura hanci take yi, ta mayar da kunne baya, mai kwafi kuma ya kwafa har da kumburin.

Manyan da ake tinƙaho da su ba su raina wannan aiki ba. Velazquez na Sifaniya, tun yana matashi bai shiga fada ba, ya zana wani tsoho mai sayar da ruwa a birnin Seville, rigarsa a yage, hannunsa a kan tulu, ɗigon ruwa na gangarowa a jikin tulun. A 1650 kuma, yana Rum, a shekarar da ya zana Fafaroma, ya zana Juan de Pareja, bawansa mai taya shi aiki. Ku nemi hoton ku gani. Bawa ne, amma kallon da yake yi maka ko sarki sai haka. A 1970 aka sayar da zanen a Landan kan fam miliyan 2.3, zane na farko da ya haura fam miliyan ɗaya a gwanjo, yanzu yana New York.

Courbet na Faransa ya fi su tsokana. Tsakanin 1849 da 1850 ya zana jana'iza a garinsu Ornans, ya riƙa kiran mutanen gari suna zuwa suna tsaya masa, mutum fiye da arba'in, a kan ƙyalle mai faɗin sama da mita 6. Irin wannan girma a lokacin na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Da aka baje shi a Paris masu sharhi suka yi ca, wai munana ne. Ni ban yarda munin ne ya dame su ba, ganin ƙauyawa a inda aka saba ganin manya ne.

Van Gogh kuwa, a ƙauyen Nuenen na ƙasar Holan, sai da ya zana kawunan manoma fiye da arba'in kafin ya haɗa zanensa na masu cin dankali a 1885. Abin da ya ce yana so a gani shi ne hannun da suke sawa a akushi shi ne ya haƙa ƙasar. Daga baya a garin Arles na Faransa ya samu wani ma'aikacin gidan waya, Joseph Roulin, ya zana shi sau da dama, ya zana matarsa da 'ya'yansa uku. Sun yi abota ta gaske, da ya kwanta asibiti ma Roulin na cikin masu zuwa duba shi.

Sai dai akwai wani rami da masu zanen talakawa ke faɗawa, kuma ya fi kwafar sanannu ba ni haushi. Tsohuwa da tamoji an ninka mata shi, yaro da hawaye shaɓe-shaɓe, a rubuta "Wahala" a ƙasa. Wa ya ce maka wahala kaɗai ta sani? Wataƙila tsohuwar nan ta fi kowa barkwanci a gidansu. Sau da yawa ma ba a tambaye ta ba, an ɗauke ta a waya ne daga nesa, ba ta san fuskarta na yawo ba, sunanta ma mai zanen bai sani ba. Wannan amfani ne da mutum. Ka yi sallama, ka nemi izini, in ta ce a'a ka haƙura. In ta yarda ka biya ta lokacin da ka cinye mata, don zaman da ta yi maka sana'arta ta bari. Ka gama ka nuna mata kafin duniya ta gani, ka ba ta kwafi.

Na san tambayar da ke zuwa: wa zai saya? Ban yi wa kowa alkawarin arziki ba, shi kansa Van Gogh ƙaninsa Theo ne ke ciyar da shi. Ku ci gaba da aikin da ke kawo kuɗi, amma a tsakani a riƙa zaunar da tela, da mai shara, da direba, da malamar firamare.

Ku kuma masu ba da aikin zanen iyayenku, don Allah ku daina cewa a ƙara wa Baba haske, a cire masa tabon goshi, a cike masa giɓin haƙori. Jikokinsa za su tsaya gaban bangon nan suna tambayar wane ne wannan.