Mai hawa dokin zuciya

Samari, akwai maganar da ya kamata mu daina tinƙaho da ita a majalisa: "Ni fa zuciya gare ni, ba a taɓa ni." Mai faɗin haka gani yake jarumta ce, alhali asirin kansa ya tona. Ya nuna wa kowa inda za a taɓa shi ya fita hayyacinsa.

Ku dubi Zidane a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2006 a Berlin. Shi ne kyaftin ɗin Faransa, shi ya ci ƙwallon farko, kuma ya riga ya sanar cewa daga wannan gasa zai yi ritaya. Ana minti na 110, Materazzi na Italiya ya jefa masa baƙar magana a kan 'yar'uwarsa. Zidane har ya yi gaba, sai ya juyo ya tunkuye shi a ƙirji. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati. Ya fice ya wuce ta gefen kofin, Italiya ta ɗauka da 5 da 3 a bugun fenareti. Zagin ya yi muni, ban musa ba. Amma wanda ya yi zagin shi ya kwana da kofi.

Abokina, mai tsokanarka ya san abin da yake nema. Kana zabura, ka ba shi.

Wani mutum ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah (SAW), ya ce masa kada ya yi fushi. Mutumin ya yi ta maimaita tambayar, amsar ba ta canja ba. Ya kuma koyar da mu cewa mai ƙarfi ba shi ne gwanin kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Har magani ya bayar: a nemi tsari daga Shaiɗan, wanda ke tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa.

A yau sai a ƙara da ajiye waya, don saƙon muryar da ka tura a WhatsApp kana huci zai zagaya guruf goma kafin ka sauko. Ku kuma sababbin angwaye, ku fi kowa kiyaye harshe. Malamai sun gaji da mazan da ke sallama musu da sassafe, ido ya yi ja, suna tambayar ko saki ukun da suka furta jiya cikin fushi yana da gyara.