Zobe biyar a tuta, amma har yau Afirka ba ta karɓi Olamfik ba

Duk sanda aka kunna wutar Olamfik a Olympia ta ƙasar Girka sai ka ji ana ta cewa al'ada ce ta dubban shekaru. Gasar kam tsohuwa ce, tun 776 kafin haihuwar Annabi Isa ake lissafinta, amma gudun nan da ake yi da wutar hannu zuwa hannu sai a 1936 aka fara shi a Berlin, zamanin Hitler. Tutar mai zobe biyar ma, alamar nahiyoyi biyar, Pierre de Coubertin wanda ya farfaɗo da gasar a wannan zamani ne ya zana ta a 1913, ba ta hau sama a filin gasar Olamfik ba sai 1920 a Antwerp. A gasar Athens ta 1896 ko mace ɗaya ba ta yi wasa ba, gudun fanfalaki na mata sai 1984 aka yarda da shi, amma ga shi a Faris 2024 an raba gurabe daidai tsakanin maza da mata.

Kenan mutane ne suka zauna suka tsara abin nan, kuma in sun ga dama suna canzawa. To me ya hana a kawo gasar Afirka? Nahiyar da Abebe Bikila ya fito ya lashe zinare a Rum a 1960 ko takalmi babu a ƙafarsa, nahiyar da 'yan gudunta ke cika teburin lambobi, wallahi abin yana min ciwo a ce zobenmu na kan tuta amma kullum mu ne baƙi. Cape Town ta nemi ta 2004, aka ba Athens.

Masu cewa matsalar kuɗi ce suna da gaskiyarsu, ban raina maganar ba, Montreal da ta karɓi gasar 1976 sai a 2006 ta gama biyan bashi, kuma babu mai son a bar talakawa da filayen da ba a amfani da su. Amma ai tun 2019 kwamitin Olamfik na duniya (IOC) ya yarda birane ko ma ƙasashe su haɗa kai su nema tare, kuma Afirka ta Kudu ta riƙe kofin duniya a 2010 lafiya lau.

An ba Dakar gasar matasa ta 2026, mun gode, amma ba ita ce babbar ba. Los Angeles ta ɗauki 2028, Brisbane 2032. Ta 2036 ce ya kamata ƙasashen Afirka su tsayar da murya ɗaya a kanta.