Dandali Daban, Gidan Rawa Daban

Yana damuna yadda matasa da yawa a Zamfara ke ɗaukar dandalin ƙauye a matsayin gidan rawar mutanen da, tunda duka biyun akwai kiɗa da taron dare. Kamannin na nan, amma asalinsu ya bambanta.

Dandali fili ne a tsakiyar gari, babu ƙofa balle kuɗin shiga. Alal misali, bayan kaka idan farin wata ya fito, 'yan mata kan yi gaɗa, a kaɗa musu kalangu, sarkin samari yana tsawatarwa, iyaye kuma suna jiyo komai daga gida. Gidajen rawa masu giya kuwa sana'a ce da ta bi garuruwa irin Gusau, inda jirgin ƙasa ya tara baƙi, kuma su aka rufe da zuwan shari'a a 2000.