Littafin CBT ba ya sauraron kowa

Kwanakin baya na halarci wani horo na kwana biyar da aka shirya wa matasan da za su riƙa zantawa da mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Mai horarwar ta ɗaga littafin CBT (wata hanyar jinyar damuwa ta zantawa da ke gyara tunani da ɗabi'a) sama, ta ce duk hanyar da ba wannan ba ɓata lokaci ce. Har yau maganar tana ci mini rai.

Masana sun daɗe da yi wa wannan ikirari kaca-kaca. Tun 1936 Saul Rosenzweig ya lura cewa hanyoyin jinyar ƙwaƙwalwa ta zantawa, duk da cacar bakin masu su, sakamakonsu kusan ɗaya yake fitowa. A 1961 Jerome Frank ya faɗi dalili: mai ciwon damuwa yana buƙatar wanda zai amince da shi har ya amayar masa da cikinsa, da wurin da ya yarda ana samun waraka, da bayanin da ya gamsar da shi game da abin da ke damunsa, sai kuma wani aiki da za su riƙa yi tare. Da Bruce Wampold ya tattara bincike masu yawa a 2001, ya nuna cewa wanda ke zantawa da majinyacin ya fi sunan hanyar tasiri.

Bayan horon na ga wata yarinya cikin waɗanda aka horar zaune da wata dattijuwa a kan tabarma. Idonta na kan takarda, ta kai tambaya ta huɗu, dattijuwar kuma so take ta yi maganar ɗanta da har yanzu bai dawo ba. Yarinyar ta ce, "Mama, bari mu gama wannan tukuna." Dattijuwar ta gyara mayafinta, ta yi shiru. Ban ga laifin yarinyar ba, abin da aka koya mata ta yi.

Masu cewa littafi ne ke tabbatar da inganci, rahoton masu ba da tallafi kawai suke tunani, don takardar da aka cike ake iya ƙirgawa.

Mun manta cewa a 1954 Farfesa Thomas Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya zaunar da majinyatansa tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, har yana aiki da masu maganin gargajiya? A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki.

A fara koya wa matasan nan sauraro da haƙuri, a haɗa su da gogaggen da zai riƙa duba aikinsu, littafin ya biyo baya.